Ɗumama Tafkin Ninkaya Da Rana: A Sayi Bargo Kafin A Hau Rufi

Duk wanda ya ji ana shawarar kashe kuɗi domin a ɗumama ruwan tafkin ninkaya a ƙasa irin tamu, inda a watan Afrilu ma'aunin zafi kan haye digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, har mutum ya buɗe famfo da azahar ya janye hannunsa ba shiri, to ba za a ga laifinsa ba idan ya ce wannan zance ne na waɗanda abin duniya ya yi wa yawa har suka rasa inda za su kai shi. Amma a tambayi masu otal-otal na Jos da Kano da Kaduna da Zariya, da masu makarantun da suka gina tafki domin koya wa yara iyo, za a ji labari dabam, domin tun daga ƙarshen Nuwamba, sa'ad da iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, har zuwa tsakiyar Fabrairu, tafkin nan da aka narkar da dukiya wajen gininsa yakan zauna ba mai tsoma ko ƙafa, alhali kuwa albashin mai kula da shi, da kuɗin maganin ruwa, da wutar da famfo ke sha, babu wanda ya tsaya a cikinsu. Abin takaici kuma, wannan lokaci shi ne na hutun ƙarshen shekara, lokacin da baƙi suka fi yawa kuma yara suke gida.

Cewa rana ita ce mafita, wannan ba abin jayayya ba ne ga mai hankali, musamman tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, sannan a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wuta naira 225 kowane yunit ga waɗanda ke rukunin farko. Inda saɓani yake shi ne wace na'ura za a saya, kuma da me za a fara. Ra'ayina a wannan mas'ala shi ne, galibin masu tafki suna fara shawara daga rufin gini, su tambayi mai sayarwa wace na'ura ce ta fi kyau da ƙarfi, alhali wajibi ne a fara daga fuskar ruwan kanta, a san ta ina ɗumi yake gudu, kafin a yi maganar ta ina za a kawo shi. Kuma idan an bi wannan tartibi, za a tarar cewa a mafi yawan garuruwanmu na'urar da ta fi araha, wadda ba ta da wani kwarjini a ido, ita ce ta fi dacewa.

Bari mu ɗan yi lissafi, domin a nan ne ake gane gaskiyar mai ciniki. Allah Ya halicci ruwa da wata ɗabi'a, ba ya ɗaukar zafi da sauri, ba ya kuma sakinsa da sauri, har masana suka auna suka ga cewa kafin a ɗaga zafin lita 1,000 da digiri ɗaya tak, sai an kashe yunit 1.16 na wuta, irin yunit ɗin nan da muke saye mu loda a mita. A ɗauki tafki madaidaici irin na ƙaramin otal, mai tsawon mita 10, faɗi mita 5, zurfi kuma mita ɗaya da rabi idan an daidaita; cikinsa akwai lita 75,000, ke nan kowane digiri ɗaya zai ci yunit 87. A tsakiyar ɗari ruwan irin wannan tafki yakan sauka wajen digiri 20 ko ƙasa da haka, jikin ɗan Adam kuwa ba ya sakewa a ruwa sai ya kai wajen 26 zuwa 28, hasali ma hukumar wasannin ninkaya ta duniya ta shar'anta cewa ruwan gasa ya kasance tsakanin 25 da 28. To, daga 20 zuwa 27 digiri bakwai ne, wato yunit 609, wanda a farashin da muka ambata ya kai naira 137,000, kuma wannan kuɗin ɗumamawar farko ce kawai, ba a yi maganar riƙe ɗumin gobe da jibi ba. Wanda ya nufi yin haka da hita da janareta mai shan dizal, sai dai mu yi masa addu'a.

Ina ɗumin yake tafiya? Wani kaso yana bin ƙasa da bangon tafkin, amma kaɗan ne. Wani yana tashi sama da dare idan gari ya yi garau. Amma babban ɓarawon shi ne tiririn da ke tashi daga fuskar ruwan dare da rana, wanda ido bai cika ganinsa ba. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ɗumin da tafkin waje ke asara ta wannan hanya yake fita, kuma wannan a ƙasarsu ke nan, balle a tamu inda iskar hunturu ke zuwa a bushe ƙamas, tana tsage leɓe da diddige, tana busar da wanki kafin a gama shanya. Kowace Bahaushiya ta san sirrin randa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa a iska, yana tafiya da zafin da ke ciki, shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi a ranar da iska ta fi bushewa. Da wannan hikima ce marigayi Muhammad Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tafkin da aka bari a buɗe cikin hunturu randa ce babba, tana aikin sanyaya kanta ba dare ba rana. Kowace lita ɗaya da ta bi iska tana tafiya da kusan kashi biyu cikin uku na yunit. Idan tafkin namu ya ragu da rabin santimita kacal a yini, lita 250 ke nan ta tafi, ta kwashe yunit 170, wanda ya yi daidai da kusan digiri biyu. Mai tafki yana ganin ruwa ya ɗan ja baya, sai ya sa a buɗe burtsatse a cika, ya ƙara sanyi a kan sanyi.

Saboda haka abu na farko da za a saya, tun kafin a kira kowa ya auna rufi, shi ne bargon tafki. Wata leda ce mai kauri, shuɗiya galibi, gefenta ɗaya yana da ƙananan ƙuraje cike da iska, ana shimfiɗa ta a kan ruwa ƙurajen na kallon ƙasa, tana yawo a kai ba ta nitsewa, ana naɗe ta a jikin wani dogon bututu mai hannu a bakin tafkin idan za a shiga. Da magariba a ja ta a rufe, da safe idan aka ɗaga gefenta za a ga ɗigon ruwa ya taru a ƙarƙashi, wanda da ba don ita ba da tuni ya bi iska, a sa hannu kuma a ji ruwan da ɗuminsa na jiya. Ita dai wannan ma'aikata ta Amurka ta ce bargo yakan rage kuɗin ɗumamawa da kashi 50 zuwa 70 cikin 100, ban da ruwan da yake tsimi, da maganin kulorin da yake hana wa tashi, da ƙura da ganyen darbejiya da yake tarewa. Akwai masu tafkin da idan suka sayi bargo kaɗai buƙatarsu ta biya, ba sai sun ƙara komai ba, kuma mai sayar da na'ura ba zai faɗa musu wannan ba, domin ribar bargo ba ta taka kara ta karya ba. Sai dai akwai gargaɗi mai nauyi wanda ba ya halatta a ɓoye shi: bargon nan ba ya ɗaukar nauyin mutum, yaro yakan gan shi kamar dandamali ya taka, ya faɗa, ledar ta rufe a kansa, ba a ganinsa ba a jin motsinsa. Duk tafkin da za a sa wa bargo lalle ne a kewaye shi da shinge mai ƙofa da makulli, kuma kada a yarda kowa ya shiga ruwa sai an naɗe shi gaba ɗaya, ba rabi ba.

Bayan bargo sai na'ura, kuma a nan ya kamata a raba tsakanin abubuwa biyu da jama'a kan haɗa. Farantan sola da muka saba gani a kan kwanon gidaje da shaguna suna mai da haske wutar lantarki ne, kuma daga abin da rana ta zuba musu ba su cika kama fiye da kashi ɗaya cikin biyar ba. Na'urar ɗumama ruwa kuwa ba ruwanta da lantarki, baƙin abu ne kawai ake shimfiɗawa a rana, ruwa ya bi ta cikinsa ya kwashi zafi ya koma, kuma tana iya kama rabin abin da ya sauka mata ko fiye. Wanda ya jera farantan lantarki domin ya kunna hita ta ɗumama tafki, ya yi doguwar tafiya a inda akwai yanke, ya kuma biya ninkin-ba-ninki.

Wannan sana'a ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1891 wani Ba'amurke mai suna Clarence Kemp, mutumin Baltimore, ya yi rajistar tankin ɗumama ruwa da rana ya shiga sayarwa, a 1909 kuma William Bailey ya fito da wanda ke ajiye ruwan zafi har dare a jihar Kalifoniya. Amma waɗannan na wanka ne da wanke-wanke. Na tafkin ninkaya, irin na baƙar roba, ya bunƙasa ne bayan Freeman Ford ya kafa kamfanin FAFCO a Kalifoniya a 1969, daga nan ya bazu a Fulorida da Ostareliya da Afirka ta Kudu, inda tafki a bayan gida ya zama ruwan dare. Mu ma ba baƙi ba ne a fagen. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na Nijar, wato ONERSOL, tun daga 1969, kuma a ƙarƙashinsa aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa a cikin Yamai. A Sakkwato kuma akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta daɗe tana wannan aiki. Abin da ya rage mana shi ne fitar da ilmin daga ɗakin bincike zuwa kasuwa, kuma wannan wani babi ne dabam mai tsawo.

Na'urorin da za a tarar a kasuwa iri uku ne. Akwai baƙar tabarmar roba, wadda ƙananan bututai ne sirara kamar tsinken alkama aka jera su manne da juna, da babban bututu sama da ƙasa, ba gilashi ba akwati. Akwai akwati mai murfin gilashi, cikinsa baƙin faranti da bututun jan ƙarfe. Akwai kuma dogayen kwalaben gilashi da aka zuƙe iskar cikinsu, waɗanda galibi daga Sin ake kawo su, su ne ake gani jere a kan rufi da farin tanki kwance a bisansu. Idan mai otal ya shiga shago, idonsa kan faɗa kan na ukun nan, domin suna sheƙi, suna da kama da kayan zamani, mai shago kuma zai rantse cewa suna tafasa ruwa, kuma bai yi ƙarya ba. Amma wa ya ce ana son a tafasa ruwan tafki? Gilashi da zuƙe iska an yi su ne domin a tsare zafi mai yawa kada iskar waje ta kwashe shi, wato a inda ake son ruwa ya kai digiri 60 ko fiye, ko a ƙasashen da ƙanƙara ke sauka. Tafki kuwa digiri 27 yake nema, kuma da tsakar ranar hunturu a Kano iskar gari kanta takan kai wajen haka ko ta wuce, ke nan babu wani zafi da za a tsare daga iska, gilashin ma sai dai ya tare wani kaso na hasken. Tafki yana buƙatar ɗumi kaɗan a cikin ruwa mai yawa, kuma wannan aikin faɗin shimfiɗa ne. Kuɗin da zai sayi murabba'in mita ɗaya na kwalabe zai sayi ninkinsa sau da dama na roba.

Ban da tsada, akwai illoli biyu da ba a cika ambata ba. Ruwan tafki yana da kulorin, wani ma da gishiri, kuma waɗannan suna cin jan ƙarfe sannu a hankali har ya huje, ruwan ya yi kore, bangon tafki ya yi tabo. Don haka duk na'ura mai ƙarfe sai an haɗa ta da wani akwatin musayar zafi, mafi inganci na ƙarfen titaniyom, da famfo na biyu, kowanne da kuɗinsa da lalacewarsa. Roba kuwa ruwan tafkin kansa ne ke ratsa ta kai tsaye. Illa ta biyu ta fi wannan, kuma ta shafi yanayinmu musamman: ɗumamawar nan wata uku ake buƙatarta, ko huɗu idan an yi yawa, sauran wata takwas na'urar tana zaune a rana ba aiki. Kwalaben da aka tsayar da ruwa a cikinsu a ranar bazara zafinsu kan wuce digiri 150, ya narkar da bututun roba da ke kusa, ya busar da abin toshe mahaɗa, ranar da aka buɗe kuma tafasasshen ruwa ya fesa wa wanda ya yi tsautsayi. Baƙar tabarma ba ta kai nan, domin iska tana shafar ta, kuma ana iya zubar da ruwan cikinta a rufe. Bal ma tana da wata fa'ida da masu tafki a Sakkwato da Yamai za su fi kowa yabawa, domin a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ruwa ke ɗumi har ya gundura, idan aka tura shi ta cikin tabarmar da tsakar dare, sai ta saki zafin a sararin sama ta dawo da shi da ɗan sanyi. An ce araha ba ta ado, amma a nan ba ado aka zo saye ba.

Ba na cewa gilashi ba shi da muhalli. Tafkin gashin jiki na asibiti, inda ake motsa gaɓoɓin masu shanyewar ɓarin jiki da masu ciwon gwiwa, yana son ruwa mai digiri 33 zuwa 35 duk shekara, kuma wannan ya fi ƙarfin roba a lokacin ɗari. Haka nan a Jos, wadda ke bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, da tsaunin Mambila da ya fi ta tsayi da sanyi, inda iska ke kaɗawa da ƙarfi kuma gajimaren damina ke daɗewa, mai son tafkinsa ya yi aiki wata goma sha biyu yana da hujjar duba akwati mai gilashi. Haka kuma otal ɗin da zai karkatar da zafin zuwa ɗakunan wanka da ɗakin wanki idan ɗari ya wuce, domin na'urarsa ba za ta zauna banza ba. Waɗannan keɓaɓɓun halaye ne, ba a gina hukuncin gama-gari a kansu.

Girman shimfiɗa kuwa, ƙa'idar da masu sana'ar suka yi ittifaƙi a kanta ita ce ta kai rabin faɗin fuskar tafkin zuwa daidai da shi. Tafkinmu mai murabba'in mita 50 yana son tabarma mai murabba'i 25 zuwa 50. A ce an shimfiɗa 40. Rana a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar tana zuba kimanin yunit biyar zuwa shida a kan kowane murabba'in mita a yini, idan an kama rabi an sami yunit 100 zuwa 120, wato digiri ɗaya da ɗoriya kowace rana. Mai karatu ya kwatanta wannan da yunit 170 da muka ce tiriri na iya kwashewa, zai ga dalilin da ya sa na dage a kan bargo, kuma zai gane abin da ya faru ga waɗanda suka kafa na'ura mai tsada suka bar tafki a buɗe, sannan suka dawo suna cewa sola yaudara ce. Da bargo, ɗumin yau yana hawa kan na jiya, cikin mako guda ruwa ya kai inda ake so. Duk ɗan kwangilar da ya kawo faranti huɗu ko biyar ya ce za su ɗumama lita 75,000, ko dai bai san lissafi ba ko kuma ya san mai tafkin bai sani ba.

Sai fuskar da za a kallar da ita. Mu muna arewa da tsakiyar duniya, Kano tana kan digiri 12, kuma a ƙarshen Disamba rana takan karkata kudu da kimanin digiri 35 daga tsakar ka, abin da kowa ke iya gani daga yadda inuwar azahar ke miƙewa arewa a lokacin ɗari. Saboda haka a nemi rufin da ke gangarawa kudu, a jingina tabarmar da kamar digiri 20 zuwa 30, a kuma je a tsaya a wurin a watan Disamba, ko a ƙiyasta inuwar watan, domin bishiyar mangwaro ko benen maƙwabci da ba ya tare komai a watan Yuni yana iya rufe rabin rufin a lokacin da ake buƙata. Idan rufin bai dace ba, rumfar ajiye motoci ko wani dakali a ƙasa ya wadatar, har ma ya fi sauƙin wankewa, kuma wanki dole ne, domin ƙurar hunturu takan mai da baƙar roba fara cikin 'yan kwanaki, farin abu kuwa ba ya shan rana. A ɗaure ta da kyau, saboda guguwar farkon damina da ke yaye kwano ba za ta ji kunyar tabarma ba.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da masu son rage kuɗi kan cire, alhali shi ne hankalin na'urar gaba ɗaya. Ma'auni biyu ne, ɗaya a rufi ɗaya a ruwa, da wani makunni mai juya hanya: idan rufi ya fi ruwa zafi sai ya buɗe, idan hazo ya rufe rana ko yamma ta yi sai ya rufe. In babu shi, kuma mai gadi ya manta famfo a kunne har dare, to tabarmar za ta mayar wa sama duk abin da ta karɓa da rana. A tabbata kuma ruwa ya bi ta matata kafin ya hau rufi don kada datti ya toshe siraran bututan, maganin kulorin kuma a zuba shi bayan ruwan ya sauko. Famfon da ke tace ruwan tafki galibi shi ne ke tura shi sama, sai dai in rufin ya yi nisa a ƙara masa mataimaki. Amma tun da yake wutar gari ba ta da alkawari, kuma aikin nan daga hantsi zuwa la'asar ne kawai, a nan ne farantan lantarki ke da gurbi: kaɗan daga cikinsu su juya famfo, ya tashi da rana ya kwanta da ita.

Masu ilmin injiniya za su kawo hujja guda wadda ba za a raina ba. Akwai wani inji mai zuƙo ɗumi daga iska ya zuba a ruwa, aikinsa irin na na'urar sanyaya ɗaki ne amma a juye, wanda kowane yunit ɗaya na wuta da ya sha yakan ba da huɗu ko biyar na zafi. Idan aka haɗa shi da farantan lantarki, in ji su, an sami ɗumi daidai da na tabarma, kuma idan ɗari ya wuce wutar ta koma ga fanka da firiji, ba a yi asarar wata takwas ba. Maganarsu gaskiya ce, kuma babban otal mai ƙarancin rufi, wanda ya riga ya mallaki farantai da ma'aikacin da ya san gyaran injin, yana iya bin wannan hanya. Amma a auna kuɗin shiga, a auna kuma ranar lalacewa: injin yana da kwamfuresa da gas da allon lantarki, kayan gyaransa sai an aika Legas ko waje, tabarma kuwa idan ta huje filamba na unguwa zai toshe bututun da ya yoyo cikin rabin sa'a, kuma mai kyau daga cikinta takan yi shekara goma zuwa ashirin.

Wani almajiri mai tsantseni zai iya tuno cewa malaman fiƙihu sun yi magana a kan ruwan da rana ta ɗumama. Haka ne, Shafi'awa da wasu daga cikin Malikawa sun karhanta tsarki da shi, amma da sharuɗɗa: a ƙasa mai zafi, cikin mazubin ƙarfe, bisa tsoron wata cutar fata da likitocin zamaninsu suka ambata, kuma su kansu sun togace ruwan tafkuna da koguna, Imam Nawawi ma ya zaɓi cewa babu karhanci sam. Ruwan da ya ratsa roba ya koma tafki bai shiga wannan babi ba, wallahu a'alamu.

Tambayar israfi ta fi wannan nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. A garin da mata da yara ke bin 'yan garuwa da layin burtsatse, mutum ya tara lita 75,000 a bayan gidansa don ya riƙa tsoma jiki sau biyu a wata, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa, ni dai ba shi nake wa rubutu ba. Amma tafkin makaranta da na filin wasa da na otal da ke buɗe wa jama'a maslaha ce bayyananniya. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi umarni a koya wa yara iyo tare da harbi da hawan doki, mu kuwa kowace damina sai mun yi jana'izar yaran da kududdufi ya ci, ban da haɗarin jiragen ruwa irin wanda ya auku a Warra ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da na Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021, inda yara almajirai da yawa suka rasu. Wanda zai koyi iyo kafin damina, a lokacin rani zai koya, kuma yaro ba ya koyon komai a ruwan da haƙoransa ke kaɗawa a ciki. Tafkin da aka rufe wata uku saboda sanyi, shi ne israfin. Bargon da ke hana lita ɗaruruwa bin iska kowace rana kuwa tsimi ne ko da ba a ɗumama komai ba.

Don haka ina kira ga masu otal, da shugabannin makarantu, da hukumomin wasanni na jihohinmu, kada su sa hannu a takardar kowane ɗan kwangila sai ya zo ya auna tafkin da rufin da kansa, ya rubuta murabba'in mita nawa zai shimfiɗa, da digirin da ya yi alkawarin ruwa zai kai a watan Janairu, da shekarun garanti, da shaidar cewa robar an yi ta ne domin jure rana, ba tiyo na ban-ruwa da zai farfashe bayan rani biyu ba. Ya kuma nuna wani tafki da ya yi wa aiki, a je a sa hannu a ruwan da sassafe. Su sayi ma'aunin zafi na ruwa, wanda kuɗinsa bai kai na kwanan ɗaki ɗaya ba, su sa bargo a farkon Disamba, su rubuta abin da ma'aunin ya nuna kowace safiya har mako biyu, sannan su kira mai na'ura da takardar a hannunsu.